Nomau Ya Tafi Tambayar Abin da Maza Ke Ci

A garinmu Tudun Marke, gidan ƙarshe kafin a gangara fadama, nan Nomau yake zaune da matarsa Kuluwa da wani tsohon bunsuru da ya gada wurin ubansa. 'Yarsu ɗaya ce, an aurar da ita bara, gidan ya yi shiru. Mutane suna ce wa Nomau wawa, ni kuwa ban taɓa yarda da sunan nan gaba ɗaya ba. A noma babu wanda ya fi shi, kuma bai taɓa cin amanar kowa ba. Ciwonsa ɗaya ne: in ka faɗa masa magana, yadda ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ya ƙara mata gishiri, ba ya ragewa. Ga shi da son sanin dalilin komai. Ya taɓa yini a bakin rijiya don ya ga ta inda ruwa ke dawowa bayan an ɗiba.

Ranar da aka kawo masa Kuluwa, marigayi ubansa ya ja shi gefe ya yi masa faɗa biyu. Ya ce, "Namiji a waje yake cin tuwonsa, cikin maza. Kuma kada in ji ka ci abu a gaban mutum ba ka ba shi ba." A garinmu kowane magidanci yakan fito da kwanonsa ƙofar gida bayan magariba, a haɗu a tabarma ɗaya a ci tare, shi muke kira ciyayya. Sauran maza tuwon dare kawai suke fitarwa. Nomau kuwa koko a waje, fura a waje, ko gyaɗa aka soya sai ya fita da ita. Sama da shekara ashirin yana tare da Kuluwa, hannunsu bai taɓa haɗuwa a kwano ɗaya ba.

Wata rana, gero ya fara fitar da kai, Kuluwa ta tare shi a bakin zaure, fartanya na kafaɗarsa.

"Malam, in an gama girbi zan tafi gidanmu."

"To, ki gaishe su. Yaushe za ki dawo?"

"Ban ce zan dawo ba."

Abin ya dami Nomau, don yana son Kuluwa ƙwarai, bai dai taɓa jin an ce ana faɗa ba. Ya tambaye ta laifinsa.

"Zaman 'yan marina muke yi, Malam, kowa da inda ya sa gaba. Ka shigo ka zube kamar buhu, da asuba ka fice. Ni matarka ce, ba ƙanwarka ba. Je ka tambayi maza 'yan'uwanka abin da suke ci."

Ranar kasuwa ce. Nomau ya ajiye fartanya, ya bi rumfa rumfa yana tare duk namijin da ya gani yana tambayarsa abin da ya ci. Wani ya ce ɗumame, wani ya ce rogo da ƙuli, wani ya ce ɗanwake. Duk wanda ya ce masa me ya kawo tambayar, sai ya ba shi amsa a fili, "Kuluwa ce ta ce ina zubewa a ɗaki kamar buhu, in tambayi maza abin da suke ci." Kafin la'asar labari ya gama gari, Kuluwa ta yi kwanaki ko gidan suna ba ta leƙa ba saboda kunya. Shi kuwa ya dawo gida yana mamaki, don duk abin da aka lissafa masa shi ma yana cin sa.

Wata rana ya je aski wurin Gwadabe wanzami, wanda bayan aska yake taɓa harkar magani. Gwadabe ya matso kusa da kunnensa ya ce ba a kasuwa ake irin wannan tambaya ba, wurinsu ake zuwa.

"Ka sami aya ka jiƙa, ka haɗa da dabino da kwakwa, a kai inji a markaɗa, a tace. Ka sha kafin ka shiga ɗaki."

"Sarkin Aska, abin da ya shiga ciki, ta yaya zai san inda ake nemansa?"

"Kai dai ka sha, shi ya san hanya."

Da safe Nomau ya cika jarka da kunun aya ya rataya. Zai shiga ɗakin ajiyar taki, ya tsaya ya kafa kai. Ya je duba wani mara lafiya, ya tsaya a bakin ɗaki ya sha. Aka kira shi taya ɗaukar itacen rufi a gidan da ake ginawa, ɗakuna huɗu ne ko ƙofa ba a sa musu ba, bai shiga ko ɗaya ba sai da ya kurɓa. Duk wanda ke wurin kuwa sai ya miƙa masa, saboda faɗan ubansa. Kowa ya san kunun aya ba ya jure rana, kafin azahar ya fara tsami, Nomau bai fasa ba. Da ya zo ƙofar ɗakin Kuluwa da yamma ya shanye ragowar, ƙafa ɗaya ya sa ciki cikinsa ya murɗa. A bayan gida ya ƙare yinin, Kuluwa na miƙa masa buta ta saman zana.

Wata rana ya koma wurin Gwadabe ya ce kunu ya ɓace hanya, ta wani wuri ya fita. Gwadabe ya ji an taɓa sana'arsa. Ya haɗa masa zuma da garin citta da soyayyen riɗi a ƙaramin kwano, ya buga ƙirji.

"Wannan ko tsohon bunsurunka ka ba, sai ya tsallake katanga."

Nomau ya ji daɗi, don a wurinsa gani ya kori ji, ga kuma zakaran gwajin dafi a gida. Ya raba haɗin biyu, ya ba bunsuru rabi, ya kwance shi, ya zauna a kan turmi yana jira. Bunsuru ya lashe kwano ya kwanta yana tuƙa. Can da rana ta yi sanyi maƙwabcinsu ya shanya harawa a bayan katanga, ƙanshi ya bugi bunsuru, ya taka kan tsohuwar randa ya haura. Nomau ya tashi yana murna, ya lashe nasa rabin, ya ja da baya, ya zo da gudu. Katangar ba ta da tsayi, amma mutumin da ya aurar da 'ya ba ɗan maraƙi ba ne. Ya faɗo ta can gefen ya gurɗe ƙafa, aka rirriƙo shi aka kawo gida.

Kuluwa ta zaunar da shi a tabarma, ta ɗora ƙafar a cinyarta tana murzawa da man shanu. Ta yi niyyar faɗa, dariya ta ƙwace mata, shi ma ya yi. Ya ce ya daɗe bai ji dariyarta ba, ya kuma tambaye ta ko yaushe haƙorinta na gefe ya fita, ta ce tun shekarar da aka yi ambaliya. Suna cikin haka ya ji ƙarar kwanuka a ƙofar gida. Ya zare ƙafarsa, ya ɗauki tuwonsa, ya ɗingisa zuwa ciyayya. Ni da na ji wannan raina ya ɓaci, don dama ce ta zo har gida ya tsallake ta. Kuluwa ta daɗe zaune da mai a hannu.

Wata rana Barmo mahauci ya kira shi wurin tukubarsa, ya ce ya rabu da kayan zaƙi, namiji yaji yake so. Ya ba shi ƙullin yajin da ake ce wa na maza, da citta da kanumfari da masoro da wasu saiwoyi da ya ƙi faɗar sunansu.

"Ka barbaɗa a duk abin da za ka ci."

"Duk?"

"Duk."

Nomau ya zuba a koko, ya zuba a fura, ya barbaɗa a rake, har goro sai ya dangwala. Idanunsa suka yi ja, hancinsa na zuba, yana ta maza yana haɗiyewa. Da magariba ya fito da yaji ciyayya, kuma tun da ba ya ci a gaban mutum bai ba shi ba, sai ya bi kwanon kowa ya barbaɗa. Maza suka ji daga inda yajin ya fito, babu wanda ya ce a'a. Aka ci, aka yi zufa, aka sallaci isha'i. Maimakon a dawo hira kamar kullum, sai wannan ya ce kansa na ciwo, wancan ya ce zai duba akuya, kowa ya sulale gida. Ko yajin ne ya yi aiki, ko kuwa tunanin abin da suka ci ne ya tuna musu da matansu, wannan ban sani ba. Nomau dai aka bari shi kaɗai a tabarma yana jira su dawo, har gyangyaɗi ya kwashe shi a nan. Haka aka yi ta yi sai da yaji ya ƙare. Matan unguwa suka riƙa aiko wa Kuluwa da ƙosai da gaisuwa, wai a yi wa Malam Nomau godiya. Ta karɓa ta zuba wa kaji.

Wata rana ya je ɗakin shan magani a duba masa ƙafar, ya tarar da malamin asibiti shi kaɗai ba mutane, sai ya kwashe labari duka ya faɗa masa. Malamin bai yi dariya ba. Ya ce babu abincin da ke aikin tsafi, amma kankana da kifi da gyaɗa da ayaba suna gyara jiki, kuma gajiya tana kashe sha'awa.

"Ka rage wahala, ka samu isasshen barci."

"Likita, ta yaya zan gane ya isa?"

"In ka tashi ba ka jin sauran barci, ya isa."

Nomau ya sayi kankana ya sha a ƙofar gida tare da masu wucewa, ya shiga ya kwanta tun hantsi. In ya farka sai ya zauna ya bincika kansa, ya ji kamar da saura, ya koma. Mutumin da a da yake barci da dare kawai, yanzu ya haɗa da rana. Tsuntsaye suka sauka a geronsa suna biki, sai da maƙwabta suka yi gayya suka girbe masa don kada ya lalace. Ranar da aka shigo da dammunan ƙarshe, Kuluwa ta fito da kwanukanta ta wanke ta kife, ta ɗaure tufafinta a zane. Ta aika wa mai motar da ke zuwa garinsu ranar kasuwa ya tsaya mata a bakin hanya.

Wata rana, ita ce ranar kasuwar, Nomau ya yi sammako gidan Gwadabe. Wannan karon bai yi tambayar dalili ba, ya durƙusa kawai, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Sarkin Aska, yau za ta tafi."

Gwadabe ya ji tausayinsa. Ya shiga ciki ya fito da kwano a rufe, an ɗaure shi da tsumma. Ya ce dakuwar aya ce da dabino da zuma, ita ce ƙarshen abin da ya sani. Sai ya tuna yadda 'yan ciyayya suka cinye yaji, ya ɗaga yatsa.

"Wannan ba na tabarmar ƙofar gida ba ne. Ka shiga ciki ka rufe ƙofa. Kada hannun namiji ya taɓa shi."

"Kai ka taɓa?"

"Matata ce ta daka, ita ta dunƙula."

Nomau ya riƙo kwanon ta bakin tsumma, yana tafe yana lissafi. A ci shi aka ce, kuma hannun namiji ba zai taɓa ba. Shi namiji ne, wannan ko Kuluwa da take fushi ba ta musa ba. Cokali ma hannu ke riƙe shi. Kafin ya kai gida ya gano mafita, ya ji daɗin basirarsa. Ya tarar da Kuluwa ta yafa mayafi, ƙunshin kayanta na tsakar gida. Ya rufe ƙofar zaure, ya ajiye kwano a gabanta, ya zauna ya harɗe hannuwa a baya.

"Kuluwa, kafin ki tafi ki taimake ni. An ce in ci wannan, an kuma ce kada hannun namiji ya taɓa."

"Sai me?"

"Sai ki ba ni a baki."

Ta dube shi ta ga da gaske yake, don bai iya wasa da magana ba. Ta yi tsaki, ta ce wannan ce wautar ƙarshe da za ta gani a gidan nan, gara ta gan ta har ƙarshe. Ta kwance tsumma, ta gutsuro dakuwa ta sa masa. Ya tauna, ta sake gutsurowa, sai ya rufe baki.

"Ba na ci a gaban mutum ban ba shi ba. Ke ma ki ci."

"Na maza ne, Malam."

"Ba a ce kada bakin mace ya taɓa ba."

Ta ci. Ta ba shi, ta ci, ta ba shi. Da yake hannunsa na baya, kuma babu hirar maza da za ta ɗauke masa hankali, sai son saninsa ya koma kan wadda ke gabansa. Ya tambaye ta me ya sa take tsince ɓawon dabino, ta ce tun tana yarinya ba ta son sa. Ya tambaye ta da wa take cin tuwo in ya fita ciyayya, ta ce da da 'yarsu take ci, tun da aka aurar da ita kuwa ita kaɗai. Wannan ya buge shi, don bai taɓa tunanin akwai mai ci shi kaɗai a gidansa ba. Sannan ya tambaye ta wane abinci ta fi so a duniya. Ta ce babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar, sannan ta ce farfesun kifi. Zuma ta manne masa a gemu, ta sa yatsa ta goge, hannunta bai yi saurin dawowa ba.

Can bakin hanya mai mota ya yi ta danna ham har ya gaji. Ya aiko a buga ƙofa, Nomau ya amsa daga ciki cewa an ce ya rufe, ba a ce masa ya buɗe ba. Kuluwa tana ji, ba ta ce a buɗe ba. Mota ta tafi da wurin zama ɗaya babu kowa.

Da Gwadabe ya ji yadda aka yi da dakuwarsa, ya dafe kai ya ce Nomau ya ɓata magani, mace ta cinye rabin abin maza. Amma da yamma aka ga kwanukan Kuluwa sun koma mazauninsu, ranar kuma tabarmar ciyayya ta rasa mutum ɗaya a karon farko tun da aka kawo Kuluwa gidan. Maza suka yi ta gardama a kan abin da ya yi aiki. Gwadabe ya sauya baki ya ce zumarsa ce, Barmo ya ce yajinsa ne ya jima yana tafasa a jiki, wani ya ce ai barcin likita ne. Har yau ba su daidaita ba, kuma kowannensu a waje yake cin tuwonsa.

Shi ma Nomau abin ya tsaya masa a rai, don ba ya barin tambaya ba amsa. Washegari da magariba dakuwa ta ƙare, babu komai a gidan sai tuwon gero da miyar kuka. Kuluwa ta zuba masa a kwanonsa ta miƙa kamar kullum. Ya karɓa ya nufi zaure, ya tsaya, ya juyo yana kallon kwanon.

"Kuluwa, ina son in gane wani abu. Dakuwar ce ta yi aiki, ko kuwa ko tuwo ne zai yi in hannun namiji bai taɓa ba?"

Ta janyo tabarma da ƙafa, ta matsa gefe ta bar masa wuri.

"Rufe ƙofar, Malam, ka zo mu gwada."